Hannun Aro a Katin Mama

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka daga sharrin injinan nan da kake yini a tsakaninsu, ya raya mana zuri'a cikin albarka. Mu ma nan sai godiya. Maigidana yana nan yana fama da shagonsa, 'yan biyu sun fara rarrafe sun hana ni sakat, duk zaren da ya faɗi ƙasa sai dai in zaro shi daga bakin ɗayansu. Kawu ya warke daga ciwon gwiwa har ya koma hawa kekensa, yana tafe yana yi wa masu mota faɗa kamar shi ya shimfiɗa titin. Inna Ƙarama, ƙanwar Mama, ita ma lafiyarta lau, amma zan zo kanta, don da ita a cikin zancen da ya sa na ɗauki biro.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da ka sa wa suna Rediyo saboda bakina ba ya hutawa. To, Rediyon nan sau biyu tana kiranka a makon nan, da na ji muryarka sai in kasa faɗa, in ɓige da ba ka labarin haƙoran 'yan biyu. In kuwa kai ka kira gida, Mama ce ke karɓe wayar, ta gyara zama, ta saki wata murya garau wadda mu da ke tare da ita rabonmu da jin irinta an yi watanni. Don haka na ce bari in rubuta, takarda ba ta kuka a tsakiyar magana. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba, Yaya. Zuciyar Mama ba lafiya, ina nufin ita kanta tsokar da ke bugawa a ƙirjinta. An ce a kai ta asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, ta ƙi, kuma duk duniya ban ga wanda zai iya ɗaga ta ba sai kai.

Bari in faro maka daga tushe. Wata biyu da suka wuce ƙungiyar manoma ta kawo wani shiri na koyar da mata noman rani. An ba su tsohon ɗakin ajiya da ke bakin gonar ƙungiya, aka share, aka jera bencina, aka kafa allo a jikin bango. Malamin gona yana zuwa kullum da safe, wani dogo mai haƙuri, yana koya musu yadda ake rainon iri a ƙananan robobi, da haɗa taki daga ciyawa da kashin dabbobi, da shimfiɗa siririyar robar nan mai ɗigar da ruwa a gindin kowace shuka. Mata sittin aka ɗauka, har da Mama da Inna Ƙarama, kuma duk wadda ta kammala za a ba ta takardar shaida da fili a gonar ƙungiya inda ruwa ba ya yankewa. Ranar da aka kira sunan Mama, wallahi da ka gan ta sai ka yi dariya sannan ka yi ƙwalla. Aka ba ta littafi da fensir, ta riƙo su a ƙirji har gida. Ta ce shekararta hamsin da takwas a duniya, tun tana yarinya take noma, ba wanda ya taɓa zaunar da ita a benci ya kira ta ɗaliba. Tunda ba ta iya rubutu ba, zane take yi, ta zana ganye ta zana tsutsa, da yamma ta zo shagona ta faɗa mini abin da aka koyar, ni kuma in rubuta mata a ƙarƙashin zanen. In na yi kuskure har ranƙwashina take yi, ni da 'ya'yana biyu.

To a cikin shirin akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duk ranar Laraba. A makon farko kwana biyu ta yi a jere tana auna jinin kowace mace, da na'urar nan da ake ɗaura wa mutum a damtse tana kumbura, tana rubutawa a katin kowa. Cikin waɗanda aka fara aunawa akwai matar mai facin taya, nata ya hau sosai, aka ce ta wuce asibiti, can kuma aka ba ta gado. Da matan suka ga bencinta babu kowa washegari, sai magana ta zaga cewa duk wadda jininta ya hau an soke sunanta ke nan, an ba wata gurbinta. Ba wanda ya faɗi haka, Yaya, ba malamin gona ba, ba ma'aikaciyar jinya ba. Amma ka san zancen bakin rijiya, kafin guga ya fito ya zama gaskiya. Ni ban san komai ba a lokacin. Abin da na sani kawai, Mama ta dawo ta miƙo mini katinta tana murmushi, na karanta mata, ɗari da ashirin bisa tamanin, kamar na budurwa. Har na yi mata tsiya na ce ashe duk mu za ta binne. Allah ya yafe mini wannan magana, kullum sai ta dawo mini.

Laraba ta huɗu na raka ta, don na kai wa wata ɗinkinta a can. Na tarar ma'aikaciyar jinya tana tsaye gaban allo tana yi musu bayani kan ciwon zuciya, sai na raɓe a bakin ƙofa. Ta ce mu mata muna zaton ciwon zuciya na maza ne, kuma muna zaton sai mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. Ta ce a jikin mace sau da yawa ba haka yake zuwa ba, a hankali yake sallama. Gajiya ce da ba ta da dalili, da haki a kan aikin da jiya ba ya sa ki haki, da ciwo a tsakanin kafaɗu, ko a wuya, ko a muƙamuƙi har ki ɗauka haƙori ne, da zufa mai sanyi, da jin amai ko wani abu kamar ƙwannafi. Ta ce wata ƙafafunta ne za su kumbura, wata kuma ba za ta iya kwanciya ba sai ta tara matasai. Matan suna ta dariya, wata ta ce ai wannan lissafin duk macen da ta haihu ta yi noma tana da shi. Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba, ta ce abin da ke cinye mu ke nan, komai muka ji sai mu ce gajiya ce. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirgawa da yatsuna, duk abin da ta ambata sai in ga Mama. Na leƙa bencin gaba inda take zaune, na ga ta sunkuyar da kai tana ta goge wani zane da ba shi da laifi.

Don kada ka ce Rediyo ta fara ƙara gishiri, ga abin da idona ya gani. Takalmanta na zuwa gona sun daina shigarta, ta take bayansu tana ja. Matasai uku take tarawa yanzu, har ta aiko a karɓi ɗaya a ɗakina ta ce nata sun lotse. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi, inda da take wucewa kamar an biyo ta, yanzu sai ta tsaya a gindin turken wuta ta yi kamar tana gyara ɗaurin zane. Rannan tana wanke robobin iri a tsakar gida, gari da sanyinsa, na ga zufa tana tsattsafo mata a goshi, fuskarta ta yi toka-toka. Na tambaye ta, ta ce wake ne da ta ci ya tsaya mata a ƙirji. Duk da haka na riƙa lallashin kaina da katin nan. In tsoro ya taso mini sai in ce ai an auna ta, ai na karanta da idona, na'ura ba ta ƙarya.

Ashe na'urar ba ta yi ƙarya ba, hannun ne ba nata ba. Ranar Asabar da ta wuce ma'aikaciyar jinyar ta kawo mini fararen rigunanta biyu in rage mata. Ina gwada ta, sai ta tambaye ni ko matan nan biyu masu kama da juna da ke zama a bencin gaba 'yan'uwana ne. Na ce ɗaya mahaifiyata, ɗaya ƙanwarta. Sai ta ce akwai abin da ya daɗe yana damunta. Ta ce a rana ta biyu ta awo ta ga tabon ƙuna a damtsen hagu na wata mata da safe, dogo kamar ganyen barkono, da rana kuma ta sake ganin tabon nan sak a wannan wurin, a hannun wata mai kati daban. A ranar mutane sun yi mata yawa ba ta tsaya tunani ba, sai daga baya abin ya riƙa dawo mata. Yaya, ka san tabon nan kamar yadda na san shi. Man suya ne ya zubo wa Inna Ƙarama tun muna yara, kai ne ma ka ruga ka kira Baba, Allah ya jiƙansa. Mama ba ta da ko ƙwarzane a hannun hagu. Na jefar da tef ɗin awo a kan keken ɗinki.

Ko shagon ban kulle ba na nufi gidan Inna Ƙarama. Na same ta tana shanya, ban ko gaishe ta yadda ya kamata ba, na kama hannunta na ɗaga mayafin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nan take ta fashe da kuka. Ta ce Mama ce ta roƙe ta, ta ce mata ita ta san jikinta, in aka ɗaura mata abin nan sunanta ya soku. Sai Inna ta shiga layi da safe da katinta, da rana ta yafa mayafin Mama ta sake shiga da katin Mama. Ta ce ba su kaɗai ba ne, ta san mata aƙalla biyar da aka yi wa aron hannu a ranar, har wata hannunta sau uku aka auna. Wai taimakon juna suka yi! Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba, na ce da hannunki kika rufe mana ido, in wani abu ya samu Mama ki san abin da za ki gaya wa Yaya. Ta ce ita ba ta taɓa iya ce wa yayarta a'a ba tun suna yara, kuma ta ɗauka awon wata ƙa'ida ce kawai ta masu shiri, irin cike takarda. Daga baya na koma na ba ta haƙuri, don na ga ta fi ni firgita. Tun ranar ba ta iya haɗa ido da ni.

Washegari na haɗa baki da ma'aikaciyar jinya. Ta zo gidan Mama da yamma da sunan karɓar rigunanta, na'urar tana cikin jaka. Mama tana ganinta ta gane, ka san kifi na ganin mai jar koma. Ta dube ni wani irin kallo, amma kunyar baƙuwa ta hana ta tashi, ta miƙa hannu. Matar ta auna, ta dubi na'urar. Ta ce Mama ta huta kaɗan, ta sake aunawa. Ta koma ɗaya hannun ta auna na uku. Ni dai fuskarta nake kallo, na ga duk fara'ar da ta shigo da ita ta tafi. Ɗari biyu da goma bisa ɗari da ashirin, Yaya. Ta danna ƙafar Mama da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta tambaye ta game da haki da zufa da kwanciya, Mama tana amsawa da ƙyar kamar ana cire mata ƙaya. Daga nan ta ce ita ba likita ba ce, ba za ta iya faɗin abin da ke cikin ƙirjin ba sai an yi gwajin zuciya, amma da mahaifiyarta ce ba za ta bari ta kwana a gida ba. Ta ce abu ne da ake shan magani a zauna lafiya shekara da shekaru in an tare shi da wuri, in kuma aka bar shi, ba ya ba da sanarwa.

Ka san amsar da Mama ta bayar? Ta yi wa matar godiya, ta sa aka ɗebo mata albasa, ta ce in Allah ya yarda za ta je bayan dashe. Dashen nan saura kwana goma sha biyu, ranar da kowace ɗaliba za ta fitar da tumatirin da ta raina ta dasa a kunyoyinta, malamin gona ya duba, sannan a ba da takardar shaida. Na ce Mama, kwana goma sha biyu fa. Ta ce ta yi shekara hamsin da takwas da wannan zuciyar ba ta taɓa ba ta kunya ba, ba za ta gaza mata a kwana goma sha biyu ba. Na tafi wurin malamin gona da kaina, na same shi yana warware roba. Da na gaya masa sai da ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi salati. Ya ce shi bai taɓa soke sunan kowa ba, gurbin matar mai faci ma yana nan yana jiranta, kuma in Mama ta kwanta asibiti ni ko Inna mu dasa mata, takardarta da filinta suna nan. Ya zo har gida ya maimaita mata da bakinsa, washegari kuma ya tara matan duka ya ce a sake awo, kowa da hannunta. Mata uku aka tura asibiti a ranar, cikin waɗanda aka yi wa aro. Mama kuwa ta ce ta ji ta gode, amma abin da ta raina da hannunta tun yana ƙwaya ba mai dasa mata shi, kuma takardar da wani ya yi wa aiki ba tata ba ce. Na ce to ai katin ma ba naki ba ne. Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Na bi duk hanyar da na sani. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na kwana biyu ban je ba, ni ce na kasa daurewa na koma. Kawu ya zo ya yi mata magana, ta ce shi da ya yi wata uku yana ɗingishi kafin ya yarda a duba gwiwarsa ba shi da bakin yi mata wa'azi, ya ɗauki kekensa ya tafi. Maigidana ya samo mota ya tsayar a ƙofar gida, ta aiko masa da ruwan sha ta ce a gaishe da direba. Ma'aikaciyar jinya ta dawo sau biyu. Har cewa na yi zan sa a ɗauke ta da ƙarfi, ta ce in gwada in ga ko za ta sake kirana 'yarta. Ni ban isa ba, Yaya. A idonta har yau ni ce autar da take goyawa zuwa gona, abin da na hango ba ta yarda na hango ba.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa jira ko kwana ɗaya. Shekaranjiya da safe na same ta zaune a bakin gado ta tallafe kumatu. Ta ce haƙorin ƙasa na hagu ne ke damunta, yana ja har wuya, wai in an gama dashe za ta je a cire. Na haska bakinta, na duba haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya, babu rami babu kumburi. Yaya, ka tuna Inna Babba, yayarsu Mama. Kai ne ka ɗauke ta a babur ka kai ta aka cire mata haƙori, ka dawo kana ba mu labarin mai cirewar ya ce bai ga abin da ya samu haƙorin ba, lafiyayye ne. Kwana biyu bayan nan aka same ta a bayan gida kusa da tulun ruwa, tsintsiya na hannunta. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma ba wanda ya tambayi ta wace ƙofa ya shigo. Kakarmu ma an ce a bakin rijiya ta zauna ta ce bari ta huta, ba ta tashi ba, ba ta kai shekarun Mama na yanzu ba. Ba na son in jera su haka, amma wani ya kamata ya jera su. Da na gaya wa ma'aikaciyar jinya zancen haƙorin, ta ce kada mu ƙara jiran gobe, kuma in Mama ta yi zufa ko numfashinta ya sarƙe, mu ɗauke ta ko tana zaginmu.

Jiya kuma na bi ta gona a ɓoye, na tsaya bayan tankin ruwa. Tana gyara kunyoyin da za ta yi dashe. Ka san Mama, ita ce ta koya mana ba a barin kunya a rabi, ko hadari ya taso sai an kai ƙarshe, kai ma ka sha dukan wannan. Na ga ta kai tsakiyar kunya ta uku, ta tsaya, ta dogara da fartanya, ta daɗe kanta a ƙasa. Sannan ta saki fartanyar a nan inda take, ta tako a hankali ta zauna a inuwa. Ba ta koma ba. Da yamma ta zo shagona kamar kullum da littafinta, amma ba ta ce in rubuta komai ba. Ta buɗe shi tun daga shafin farko tana nuna mini, wannan zanen nisan da ake bari ne tsakanin shuka da shuka, wannan tsutsar ita ce mai cin ganye ta ƙasa, ga ranar da ake fara rage ruwa. Ta gaya mini gwangwanin da ta adana irin da ya rage da inda ta ɓoye shi. Na ce me ya sa kike gaya mini duk wannan. Ta ce ilimi ba a barinsa a kai ɗaya. Ta tashi ta tafi, ta bar littafin a kan keken ɗinkina, littafin da ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Ta sani, Yaya. Ta san abin da ke jikinta fiye da mu duka, ta dai zaɓi ta yi tsere da shi zuwa ranar dashe.

Ga abin da nake roƙonka, don girman Allah. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, kada ka jira ka gama aiki, ka kira ta. Kada ka tsaya a gaisuwa, don a gaisuwa za ta cinye ka da muryar nan tata. Ka ce mata ka san zancen hannun Inna Ƙarama, ka san lambar da aka gani, ka san zancen haƙori. Ka ce mata ta shiga mota a ranar, ni da maigidana muna shirye, jakarta ma na haɗa na ɓoye a shagona. Kai take jin nauyi, tun rasuwar Baba ba ta taɓa tsallake maganarka ba. In kuma ka ji tana kewaye-kewaye, ka nemi izini a wurin aiki ka taho, ko kwana biyu ne. Na san ba a ba ku hutu da sauƙi, na san nisan hanya. Amma gara ka zo ka tarar da ita tana yi maka faɗa, da ka zo ka tarar da mutane zaune a ƙofar gida. Za ta gane ni ce na tona, za ta yi fushi da ni ƙwarai. Na yarda, ta yi shekara ashirin ba ta yi mini magana ba, in dai tana nan tana fushin. Tumatirin kuwa in ta ƙi a dasa mata, ni zan riƙa ba shi ruwa a robobinsa har ta fito ta dasa abinta da hannunta, malamin gona ya ce zai jira ta.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka karanta mata wurin da na jera alamomin nan, ita ma ta je a auna ta, da hannunta. Ka shafa mini kan Mai Sunan Baba da 'Yar Lele da ɗan autanku mai ƙiriniya, ka ce ina nan ina ɗinka musu kaya. Maigidana yana gaishe ka, Kawu yana gaishe ka, Inna Ƙarama ta ce in roƙa mata gafararka, ta kasa kiranka da kanta. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa mu ga ranar da za ta riƙe takardar nan tata, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ina cikin rubuta wannan gaisuwar Mama ta leƙo shagon, za ta gona. Ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai ne, awon kayan yara nake tambaya. Ta ji daɗi, ta dafa ƙofa ta ce in gaya maka tana gaishe ka, kada ka damu da ita, lafiyarta ƙalau. To na gaya maka kamar yadda ta ce. Sau biyu ta tsaya ta ja numfashi kafin ta kai ƙarshen maganar.

Ka kira, Yaya. Saura kwana shida.

Wassalam,
Ƙanwarka mai jiran ka,
Rediyo